Tabarmar Nomau a Ƙofar Fada

A can zamanin da, tun lokacin da Ubangiji kan ɗora maganarsa a bakin mutum ko mutumin yana so ko ba ya so, an yi wani Sarki a wani birni mai jar ganuwa, wanda babu abin da ya ƙi jini a duniya kamar kukan mutane. Ba wai mugu ne irin mai yanka da hannunsa ba. Shi dai kada ya ji. Da zarar an fasa kuka a wata unguwa iska ta kawo masa, sai abinci ya fita ransa, ya wuni yana tsaki a kan karaga.

Ran nan ya dubi Wazirinsa, wani dogon mutum mai taushin murya da ake kira Jatau, ya ce, "Waziri, ashe babu yadda za a yi mutum ya mutu a garin nan ba tare da an tayar mini da hankali ba?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, akwai. Ai a kan tabarma suke yin kukan. In fada ta riƙe tabarmar, kukan ma ya shiga hannu."

Al'adar birnin ke nan tun kaka da kakanni: idan mutum ya rasu, danginsa su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su zauna, duk wanda ya zo wucewa dole ya tsaya ya ce, "Ya haƙuri?" Abu biyu kuma sun rataya a kan wannan tabarma. Na farko, wanda ke zaune a kanta ba a taɓa shi. Dogari ba ya kama shi, alƙali ba ya kiransa, sai ranar da ya naɗe ta da hannunsa. Na biyu, da ita ake sanin magaji. Wanda jama'a suka gaisar a kan tabarma shi ne mai gado. Mamacin da kwanakin makokinsa suka wuce ba a gaisar da kowa dominsa ba, sai a ce ba shi da kowa, gidansa da gonarsa su koma hannun Waziri, wai ajiyar Sarki ce.

Aka yi shela, kada kowa ya shimfiɗa tabarmar makoki sai da izinin fada. Attajiri ya nema, a ba shi tun ba a gama wankan gawa ba. Talaka ya nema, a ce ya dawo gobe, gobe a ce jibi, har kwanakin su ƙare. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ɗauko tabarma, dogarai su fizge ta tun tana naɗe a hammatarsa, a tasa ƙeyarsa zuwa gidan yari, da yawansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Alƙalai suka samu fadamu, malaman fada suka samu gidaje, kowace safiya su shiga su ce wa Sarki, "Lafiya lau, Zaki, ƙasa ta yi shiru." Ta kuwa yi shirun.

Ana cikin wannan zamani wani mutum ya shigo ta ƙofar gabas da jaka a kafaɗa. Sunansa Nomau. Ɗan garin ne, amma ya daɗe ba ya nan. Tun yana saurayi ya bi ayari, ya kai gishiri kudu, ya kai goro arewa, ya yi dako, ya yi fito, duk garin da ya fara sabawa da shi sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Kullum yana cewa baɗi zai koma ya ga tsohuwarsa Gwamma. Yanzu ga shi ya dawo, da furfura ɗai-ɗai a gemu, da wani baƙin zane mai sheƙi da ya sayo mata.

Ya bi lungun da ƙafarsa ta sani ya isa ƙofar gidansu, sai ya tarar da sabuwar katanga da sabon ƙyaure, ga wani bawa yana dakan turare a zaure. Ya yi sallama ya tambayi Gwamma. Bawan ya ce bai taɓa jin sunan ba, nan gidan ajiyar Waziri ne, ya gusa.

Wata tsohuwar maƙwabciyarsu, Iya Dudu, ita ta leƙo ta kan danga ta yafito shi. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan nan, ka makara. Ta rasu tun bara waccan. Har ranar da ta daina magana tana cewa a bar mata ƙofa a buɗe, Nomau na tafe."

Ya ce, "Iya, wa ya zauna mata?"

"Wa zai zauna? Ni na ɗauko tabarmata, kafin in kai bakin zaure dogarai sun karɓe, suka ce tsufana ne ya cece ni. Ko mutum ɗaya bai ce ya haƙuri ba a kan Gwamma. Ni ma da ke gabanka ba zan iya ce maka ba, kana tsaye ne, ba ka kan tabarma. Tafi, tun wani bai gan mu ba."

Nomau ya miƙa mata zanen, ya juya. Bai yi kuka ba. Abin da ya iya a rayuwarsa shi ne tafiya, sai ya kama ta. Ya fita ta ƙofar da ya shigo, rana na tsakar ka, ya nufi hanyar ayari. Bai yi nisa ba, a gindin wata ceɗiya, ƙafafunsa suka ƙi. Ya ji wani abu ya sauka a ƙirjinsa kamar garwashi, magana ce amma ba ta kunne ta shigo ba.

"Nomau, koma. Shimfiɗa tabarma a ƙofar fada, ka zauna makokin uwarka da makokin birnin nan, ka faɗa musu abin da zan sa a bakinka."

Ya kifa goshi a ƙasa, ya ce, "Ya Ubangiji, ni? Ni da ban wanke uwata ba, ban ɗauki makararta ba? Birnin cike yake da malamai. Ni ban taɓa zama wuri ɗaya har damina biyu ba."

"Su sun ci, bakinsu ya cika. Kai ba ka da gida, ba ka da gona, babu abin da za a toshe maka baki da shi. Koma ka zauna."

Ya so ya ƙara gaba, ya ɗaga ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Da ya juya ta wajen birni, sai ta saki.

Ya sayi wata tsohuwar tabarmar kaba a bakin kasuwa, ya naɗe jakarsa a ciki kamar kayan fatake. Dogarai kuwa idonsu na kan lunguna da ƙofofin talakawa, ba wanda ya taɓa tunanin za a yi makoki a dandalin fada. Nomau ya isa daidai inda ake hango ƙofar Sarki, ya sauke kaya kamar mai hutawa, ya warware tabarma, ya zauna, ya ɗebi ƙasa ya zuba a ka.

Sarkin Dogarai ya taho da gudu, ciki na gaba, ya tsaya cak a bakin tabarma kamar wanda ya zo bakin rijiya. "Kai, mahaukacin ina ne? Wa ya mutu?"

"Uwata, Gwamma. Da birnin nan."

"Birni? To ni da nake tsaye fatalwa ce?"

Nomau bai kula shi ba. Ya ɗaga murya, shi kansa bai san muryar ba: "Ku ji, masu manyan rawuna! Ga abin da Ubangiji ya ce. Na ba ku jama'ata ku yi kiwo, kuka tsaya a bakin kabari kuna auna gona. Kun hana gwauruwa ta yi kuka, kun ci gidanta tun toka ba ta huce a murhu ba. Alƙalanku suna yanke shari'a da ido a kan fadama, malamanku suna cewa lafiya alhali ƙasa na ruɓewa. Hawayen da kuka hana zuba duk sun taru a wurina. Kafin ruwan fari ya sauka mutuwa za ta shiga fada, Sarki zai ɗanɗani abin da ya ɗanɗana wa talaka. In ba ku juyo ba, zan mai da birnin nan kufai, kuma ba za a samu mai zaman makokinsa ba!"

Maganar ta ratsa soraye har kunnen Sarki. Ya ce a ɗauke masa mutumin nan. Aka ce yana kan tabarma. Ya ce to a yi dabara.

Dabarar farko, aka turo malaman fada, babbansu a gaba da sanda mai azurfa. Jama'a suka taru nesa-nesa. Babban malamin ya gyara murya ya ce, "Kai bawan Allah, makokin uwarka kwanakinsa sun wuce. Na birni kuwa, ba a makoki sai da gawa. Nuna mana gawar, ko ka naɗe tabarmarka."

Nomau ya ce, "Allah ya gafarta malam, da me ake gane mutum ya cika?"

"A kira shi bai amsa ba. A tsunkule shi bai motsa ba. Sannan a ga ana raba tufafinsa bai hana ba."

Nomau ya juya wajen taron ya ɗaga murya. "Jama'a, wa ya san Gwamma mai daddawa ta unguwar marina? Wa ya taɓa cin bashin daddawarta ta yafe masa?" Babu wanda ya amsa, kowa ya dubi ƙafarsa. Ya sake cewa, "Wa aka kai ɗansa gidan yari bai dawo ba?" Wata mata ta toshe bakinta da mayafi, amma ko tari ba a ji ba. Nomau ya dubi malamin ya ce, "Na kira, na tsunkula. Tufafin kuwa, malam, ai a gidan wa kake kwana?"

Malamai suka tattara rigunansu suka koma.

Dabara ta biyu, Waziri ya fito da kansa, ya kori mutane, ya tsuguna a gefen tabarma. Tun daga nesa Nomau ya gane tafiyarsa. Tare suka taso a lungu ɗaya, su ci tuwo a gidan Gwamma, su sha fura a gidan Tabawa uwar Jatau.

Waziri ya ce, "Nomau ɗan yawo. Kai da ba ka iya zama a ci tuwo a gama, yau kai ne mai zama?"

"Jatau mai kunnen zomo. Rawanin ya rufe su, amma na san suna nan."

Waziri ya yi 'yar dariya, ta mutu a bakinsa. "Ban san gidan Inna Gwamma na ciki ba, wallahi. Gidajen da yawa, ba ni nake bi ɗaya-ɗaya ba. Tashi in mayar maka da shi yau, in ƙara maka gona a bakin rafi, in sa Sarki ya naɗa ka Sarkin Zango. Ka ga ka huta da yawo."

"Ba gida na zo nema ba. Abu ɗaya za ka yi mini. Ka ce, ya haƙuri."

Waziri ya kau da kai. Ya san in ya furta, makokin Gwamma ya tabbata bayan kwanakinsa sun wuce, kuma duk wanda aka ci gidansa zai fito da tabarma.

"Ta sha goya ka, Jatau."

"Ka roƙi wani abu."

"Ba ni da wani."

Waziri ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "To ka ji. Ranar da ka ɗaga gindinka daga tabarmar nan, Hauni mai sare kai na jiranka. Ba ni na so ba."

Dabara ta uku ita ce mai dafi. Waziri ya shawo kan Sarki aka sa sanƙira ya yi shela a tsakiyar kasuwa: daga yau, duk wanda ya yi wa wani gaisuwar rashi a birnin nan, kowane ne shi, ya rasa gonakinsa, har ranar da Nomau zai tashi daga tabarmarsa. Shelar da sanƙira ya yi a kasuwa kuwa, a al'adarsu, ba a janye ta. Sarkin da ya haɗiye shelarsa ya sauka daga karaga. Waziri ya ce, "Zaki, mutum ba ya jure a ƙi kula shi. Balle wannan, da ƙafarsa ke ƙaiƙayi."

Ya kuwa san abokinsa. Mutane suka daina bin dandali, suka riƙa zagayawa ta bayan masaƙa. Hanyar da ta ratsa gaban tabarmar ta fara tsiro da ƙaya. Da safe yakan tarar da ƙwaryar koko an turo ta da sanda daga bayan garu, bai taɓa ganin hannun ba, amma ya san ƙwaryar Iya Dudu ce. In buƙata ta kama shi sai ya riƙe gefen tabarma da hannu biyu ya ja gindi har bayan garu, dogarai na tafi suna kiransa kunkurun fada. Daga baya su ma suka gaji da dariyar, kuma ya gane cewa dariyar ta fi shirun.

Rana ta gasa shi, fatarsa ta yi saɓa. Ya san kowane ƙadangare na jikin garu, ya san lokacin da inuwar ƙofa ke taɓa gwiwarsa. Kowace ranar kasuwa ya ɗaga murya ya maimaita saƙon, ba mai ji sai angulayen kan soro. Wata safiya ya ji ƙararrawar jakuna, ayari na fita ta ƙofar gabas, madugu na kiran sunayen zango. Duk ya san su. Ya san inda za su sha ruwa, ya san mai tuwon da za ta tare su. Ƙafafunsa suka riƙa motsi da kansu, sai da ya danne su da hannu.

Ya ce, "Ya Ubangiji, ka zaunar da ni a garin da aka haife ni, ga shi na fi zama baƙo a nan fiye da ko'ina. Ka ce in yi magana, na yi. Wa ya ji? Ko kai ma ka bi ta bayan masaƙa?"

Ba a amsa masa ba. Garwashin dai na nan a ƙirji, bai ƙaru ba, bai mutu ba.

Gajimare ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Ran nan da hantsi sai aka ji tambari ya yi bugu irin wanda ba a so. Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar Sarki, ta rasu. Ita kaɗai ce a duniya ke kiran Sarki da sunan yanka, ita kaɗai yake cire rawani a gabanta.

Bayan an kai ta, aka shimfiɗa wa Sarki tabarma a ƙofar fada, fara sol mai ado, ya zauna. Tsakaninsa da Nomau faɗin dandali ne kawai. Hakimai suka zo, alƙalai suka zo, malamai da attajirai suka zo, suka jeru, suka sunkuyar da kai. Sarki ya jira. Ba wanda ya buɗe baki.

Ya ce, "Galadima?" Galadima ya dubi Waziri. Ya ce, "Alƙali?" Alƙali ya kama tari.

Waziri ya matso ya ce a hankali, "Allah ya ja zamanin Sarki, shelar nan ce. Kowane ne shi, aka ce."

"To na janye!"

"Zaki, a kasuwa aka yi ta."

"To a ɗaga mini wancan!"

Sarkin Dogarai ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ka sa ni in shiga wuta. Amma hannuna ba ya taɓa mai makoki."

Sarki ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya ci arziki a hannunsa, amma babu wanda zai ba da gona domin ya gaishe shi. Da rana ta yi zafi suka fara zamewa, wannan ya ce zai kewaya, wancan ya ce ciwon kai. Kafin la'asar dandali ya koma na mutum biyu.

Nomau yana kallonsa. Ya zaci zai ji daɗi, sai ya ga wani mutum ne kawai mai ƙaramar kafaɗa, yana wasa da bakin tabarma, yana ɗaga kai duk lokacin da ya ji motsi. Ya san wannan ɗaga kan.

Kwanakin makoki suka yi ta tafiya a haka. Ana saura kaɗan su cika, wata tsohuwar jakadiya ta fito ta durƙusa ta ce wa Sarki, da ƙarfin da har Nomau ya ji, "Zaki, bayin Waziri suna can fadamar marigayiya da igiya suna aunawa. Sun ce in kwanaki suka cika ba a gaishe ka ba, ba ta da magaji."

Sarki ya daɗe bai motsa ba. In ya miƙe tsaye, makokin uwarsa ya ƙare ba gaisuwa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya dubi Nomau. Sai ya cire rawani ya ajiye, ya kama gefen tabarmarsa da hannu biyu, ya fara jan gindi.

Dogarai suka daskare. Mata suka leƙo ta kan katanga, masaƙa suka bar aiki. Sarkin birni, kai ba rawani, yana jan jiki a cikin ƙasa da ƙaya, riga na yagewa, gumi na zuba. Ba wanda ya yi dariya. Ya yi ta ja yana hutawa, har bakin farar tabarma ya taɓa bakin ta kaba.

Nomau ya dube shi. Shi dai ba shi da gonar da shela za ta ci. Akwai maganganu masu zafi da ya tanada tun ranar da ya zauna. Ya neme su ya rasa. Ya ce, "Sarki, ya haƙuri? Allah ya jiƙan tsohuwa."

Sarki ya buɗe baki zai amsa, sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da ya hana birni, mai ƙarfi, mara kyan ji. Da ya lafa, ya share fuska da hannun riga ya ce, "Yaya sunan taka?"

"Gwamma."

Sarki ya ɗaga murya yadda na kan katanga za su ji. "Nomau ɗan Gwamma, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Gwamma." Sannan ya juya wajen fadawa da suka fara ɓullowa. "Kun ji na taka shela. Hukuncinta ya hau kaina. Gonakin Sarki duka sun fita hannuna daga yau, a raba wa gidajen da aka kai mutanensu gidan yari ba su dawo ba."

Nomau ya sunkuyar da kai ya amsa, "Haƙuri sai godiya." Sai a lokacin hawayensa suka zo. Can ya ji garwashin ya motsa, ya ɗago ya ce, "Sarki, akwai saura, kuma ba nawa ba ne. Ubangiji ya ce, saboda ka ja jiki a ƙasa, birnin ba zai zama kufai ba. Amma shekarun da ka toshe kunne ba su ɓace ba. Karagar nan ba za ta wuce zuwa ɗanka ba. Daga kanka gidanku ya gama sarauta."

Fadawa suka ɗauke numfashi. Sarki ya ce, "An yi mini sauƙi."

Nomau ya sauka daga tabarma, ya naɗe ta da hannunsa. Ƙafafunsa sun manta tsayuwa, sai da Sarkin Dogarai ya tallafe shi. Hauni ya dubi Sarki, Sarki ya girgiza kai, Hauni ya mai da takobi kube. Da tashin Nomau shela ta faɗi, dokar neman izini ma Sarki ya kashe ta a wurin.

Washegari babu lungun da ba a shimfiɗa tabarma ba. Aka yi makokin wanda ya rasu bara da wanda ya rasu tun farkon dokar, mutum ya tashi daga tasa ya je ya gaida maƙwabci ya dawo a gaishe shi. Birnin ya yi kuka har muryoyi suka dushe, Sarki na zaune a ƙofar fada yana ji. Cikin kukan nan ruwan fari ya sauka.

Aka zauna shari'a a fili. Gidaje da fadamu suka koma ga masu su. Aka tuɓe alƙalan da suka ci, aka kori malaman da suka ce lafiya. Da aka buɗe gidan yari aka ga kaburburan da ke bayansa, sai hukuncin kisa ya hau kan Jatau, kuma aka zartar. Sarki cikin fushi ya ce, "Wannan kam kada a shimfiɗa masa tabarma."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, da haka aka fara."

Sarki ya ɗauke kai, bai hana ba.

Gidan Jatau ya watse, matansa sun koma gidajen iyayensu, bayi sun gudu. Nomau ya bar gidan Gwamma da aka mayar masa, wanda har yanzu ƙamshin turaren wasu ke tashi a ɗakunansa, ya je ƙofar wancan babban gida ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Mutanen da jiya suke rububin taɓa rigarsa suka hango shi suka canja hanya. Iya Dudu ma ta aiko a ce masa wannan karon ba ta da koko. Ya wuni yana kallon ruwa na ɗiga daga indararo.

Sai da rana ta karkata ya ji ƙarar sanda a kan dakali. Wata tsohuwa ce ta fito daga can cikin gidan, ta rame, tana bin bango. Tabawa ce, uwar Jatau. Ta tsaya tana ƙifta ido.

"Wane ne a nan?"

"Ni ne, Inna. Nomau na Gwamma."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya matsa ya ba ta wuri. Ta daɗe kafin gwiwoyinta su yarda ta zauna. Ya jira har ta ajiye sandar, ta gyara mayafi, sannan ya juyo ya fuskance ta sosai.

"Inna, ya haƙuri?"